A Bar Ɗalibi Ya Buɗe Taron

A makarantun Bafarawa, Isa da Sabon Birni, kamar sauran wurare, an san yadda taron iyaye da malamai yake gudana. Hedimasta ya karanto kuɗin da ake bin iyaye, a yi ta ja-in-ja, a yi addu'a, a watse. Yaron da aka taru dominsa kuwa yana waje, ba a kiransa sai in ya yi laifi.

Wannan tsari yana bukatar gyara, musamman a yankin da hare-haren 'yan bindiga suka sha katse karatu tun shekarar 2020. Yaron da ya yi makonni yana gudun hijira, shi ya san darasin da ya wuce shi. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

A ba kowane ɗalibi minti goma. Ya zauna gaban mahaifinsa da malaminsa, ya buɗe littattafansa, ya nuna abin da ya iya, ya faɗi inda ya kasa da dalili. Sannan manya su yi magana, a rubuta alƙawarin kowa, a duba shi a zango na gaba.

Wasu za su kira wannan rashin kunya. To ranar walimar sauka, wa yake karatu gaban dattawa? Ɗalibi ne, malam yana gyara, uba yana saurare.

'Yan uwa matasa masu koyarwa a Islamiyyu, a fara daga ajinku. Allah Ya yi mana jagora.