Raɗaɗin Wa Ake Ƙidayawa?

A shekarar 2016 wasu manazarta a Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka yi wa ɗaliban likitanci da sababbin likitoci farar fata su 222 tambayoyi, sai suka tarar kusan rabinsu sun yarda da aƙalla ɗaya daga cikin wasu camfe-camfe game da jikin baƙin mutum, ciki har da cewa wai fatarsa ta fi ta Bature kauri. Waɗanda suka yarda da hakan kuwa sun fi raina zogin majinyaci baƙi. Shekara guda kafin nan wani binciken ya nuna cewa yara baƙaƙe masu ciwon afendis ba su cika samun maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi kamar takwarorinsu farare ba.

Abin kunya ne, ko shakka babu. Sai dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda asirin ya tonu. Ya tonu ne domin an rubuta launin fatar majinyacin kusa da maganin da aka ba shi, kuma tun 1993 dokar ƙasar ta tilasta sanya mata da tsiraru cikin binciken lafiyar da cibiyar gwamnati ta NIH ke ɗaukar nauyi. Da ba a rubuta ba, da har gobe ana musu.

Mu da muke karanta labarin muna girgiza kai, ya kamata mu waiwayi gida. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifa mana jarirai kimanin 150,000 da ita kowace shekara, cutar da babbar alamarta ita ce azabar ciwon ƙashi. A 2017 kwamitin mujallar Lancet ya lissafa cewa maganin mofin da danginsa da ke isowa ƙasar nan bai wuce kashi 0.2 cikin ɗari na abin da masu matsanancin ciwo ke bukata ba. To, wannan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, hannun wa yake faɗawa? Ma'aikacin banki a Abuja, ko manomin da ya yi tafiyar awa uku a bayan babur?

Katin asibitinmu ba ya mantawa da tambayar ƙabila da addini. Abin da ya fi shafar ciwo, wato abin da mutum ke samu a wata, zurfin karatunsa, nisan gidansa da asibiti, harshen da aka yi masa tambaya da shi, da kuma wanda zai biya kuɗin magani, wannan ba kasafai yake shiga lissafi ba. Ga kuma al'ada. An tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata cewa raki wurin haihuwa abin gori ne, saboda haka idan aka ce wa mai naƙuda ta zaɓi lamba daga sifili zuwa goma, za ta ce uku alhali tana kan tara. Matashi mai sikila kuwa, tun da aka tsananta kan kodin da tiramadol a 2018, idan ya nemi allura da sunanta sai a yi masa kallon ɗan ƙwaya. Manazarcin da ya tattara lambobin nan ya fitar da matsakaici ba tare da ya rarrabe mutanen ba, ya auna wani majinyaci ne da babu shi a duniya.

Na san akwai masu fargabar cewa tambayar talaka abin da ke aljihunsa tozarci ne, kuma bayanin na iya zama makamin wariya. Fargabar tana da tushe, kuma maganinta sananne ne: neman izini cikin harshen mai shi, da cire suna kafin a adana bayani.

A ganina mabuɗin yana hannun kwamitocin ɗa'ar bincike na asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da kuma asusun TETFund mai ba malaman jami'a kuɗin bincike. Duk takardar neman izinin nazarin ciwo da ta zo gabansu babu waɗannan tambayoyi, su mayar wa mai ita ya gyaro.