Barcin Dattijo Da Allurar Rigakafi

 Mas'alarmu ta wannan mako ta shafi iyayenmu dattawa da ake kai wa allurar rigakafi, musamman maniyyata aikin Hajji, waɗanda hukumar Saudiyya ta wajabta wa allurar sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin su shiga ƙasar.

Ka sani ya kai ɗan'uwa, ita allura ba ita ce garkuwar ba. Darasi ne kawai ake biya wa jiki, a nuna masa kamannin cuta domin ya ƙera makaman da zai yaƙe ta a cikin jini. To, jikin kuwa ya fi yin wannan tilawa a lokacin barci mai nauyi na farkon dare. Shi kuma dattijo abu biyu ne suka haɗu masa: garkuwar jikinsa ta yi rauni saboda shekaru, barcinsa mai nauyi kuma ya ragu.

A shekarar 2002 masana a Jami'ar Chicago ta Amurka suka taƙaita barcin wasu samari zuwa awa 4 a dare, har dare 6, aka yi musu allurar mura a tsakani. Bayan kwana 10 makaman da ke jininsu ba su kai rabin na waɗanda suka yi barci sosai ba, ko da yake daga baya sun kamo su. A 2012 kuma aka bayyana sakamakon binciken da aka yi a kan mutum 125 masu shekara 40 zuwa 60 da aka yi wa allurar ciwon hanta nau'in B. Waɗanda barcinsu bai kai awa 6 ba sun ninka masu wuce awa 7 fiye da sau 11 wajen hatsarin tashi babu kariya, alhali allura iri ɗaya aka yi musu har sau uku.

Amma fa adalci shi ne a faɗi sauran zancen. Da aka tattara irin waɗannan bincike a 2023, an ga illar ƙarancin barci ta fi bayyana ga maza, kuma ta fi ƙarfi ga 'yan shekara 18 zuwa 60 bisa ga waɗanda suka haura 65. A ganina wannan ba lasisin sakaci ba ne, domin wanda guzurinsa kaɗan ne shi ya fi cancanta ya tattala. Akwai kuma wata fa'ida daga Birmingham ta Ingila a 2016, inda aka gwada tsofaffi 276 masu shekara 65 zuwa sama: waɗanda aka yi wa allurar mura da hantsi sun fi na la'asar samun makamai a kan iri biyu daga cikin iri uku na cutar.

To, ina masu ɗawainiyar tsofaffi? Dare biyu kafin allura da 'yan kwanaki bayanta a sama wa Baba ko Inna barci isasshe. A ɗauke goro da shayi tun daga la'asar, a ɗaura gidan sauro, a rage shan ruwa dab da kwanciya saboda yawan tashi fitsari. 'Yan sallama da masu kawo saƙon addu'a, waɗanda kan cika zauren maniyyaci har tsakar dare, su yi haƙuri su zo da rana. Wanda ya saba tsayuwar dare ya kwanta da wuri bayan Isha'i, ya ƙara da ƙailula. Mai minshari mai tsanani da numfashinsa kan ɗauke cikin barci kuwa, a kai shi ga likita.

Sai dai kada wani ya fasa allura don bai runtsa ba daren jiya. A je a yi ta ranar da aka sa, a rama barcin a daren.