A Koya wa Muryar "Danna Ɗaya" Hausa

Jama'a, duk wanda ya saba kiran kamfanin waya ko banki a Khartoum ya san muryar nan: danna ɗaya don Larabci, danna biyu don Turanci. To, wanda kunnensa ya fi kama Hausa fa, nawa zai danna?

Muryar nan ba aljana ba ce, manhaja ce. Akwai wata ƙofa da masana kwamfuta ke kira API, ta nan mai rubuta manhaja ke ba layin waya umarni: ɗauki kiran, kunna saƙo kaza, in mai kira ya danna uku ka miƙa shi ga wane, in ba a ɗauka ba ka naɗi muryarsa. Ba sabon abu ba ne. Tun 1993 Microsoft da Intel suka fitar da TAPI don wannan aiki. A 1999 wani matashi a Amurka, Mark Spencer, ya rubuta Asterisk, ya sake ta kyauta ga kowa. Ya'ni yaren da muryar ke yi zaɓin mutum ne, na'ura ba ruwanta.

Ni malamin makaranta ne, na san inda gizo ke saƙa. Mukan tura sanarwa ta WhatsApp da rubutaccen Larabci: ranar rajista, ranar jarrabawa, ranar rigakafi. Uwar da ke riƙe da ƙaramar waya mai maɓalli ba ta gani. Wadda ta gani ma, Larabcin kasuwa daban, na takarda daban. Sai yaro ya rasa rajista, a ce iyayensa ba su damu da karatu ba. Alhali da kira ne ya shigo mata da Hausa, da ta ji, ta danna ɗaya ta ce ta ji.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, abin ya wuce batun makaranta. Wace takiyya ce ke raba abinci yau a Omdurman? Wane asibiti ke aiki? Irin labarin nan rai ne.

Wani zai ce, Malam, in shabaka ta ɗauke fa? Gaskiya ne. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani duk sun yi tsit, mutane suka koma biyan kuɗin awa wajen masu Starlink. Ranar irin wannan ba manhajar da za ta yi magana. Amma sauran ranakun fa? Kira yakan shiga inda intanet ke jan ƙafa, kuma ba ya buƙatar babbar waya ko iya karatu.

Shawarata, kada mu zauna jira. Muna da 'ya'ya da suka karanta kwamfuta a Jami'ar Khartoum da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan. Su haɗa manhajar. Mu malamai mu rubuta saƙonnin, mata da maza masu murya su naɗa. 'Yan kasuwarmu su ɗauki kuɗin layi, shugabannin al'umma su nemo izini daga hukumar sadarwa. Sharaɗi ɗaya: lambobin mutane amana ce, kada a ba kowa, musamman a wannan zamani.

A fara da makaranta ɗaya, unguwa ɗaya. In ya yi aiki, 'yan'uwanmu Fur da Nuba da Beja su ɗauki lamba huɗu da biyar da shida. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.