Bayan An Naɗe Tabarmin Makoki: Abin Da Uwa Da Kaka Ke Binmu

Duk mazaunin Hanwa ko Tudun Wadan Zariya ya san yadda ake yi idan tsohuwar gida ta cika. Kafin a kai ta makwancinta hotonta ya zaga WhatsApp da Facebook. A kafa rumfa a ƙofar gida, dangi su iso daga Kaduna da Kano, bayan kwana uku a naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa. Sai shekara ta zagayo a sake ɗora hoton. A ganinmu, wannan bai kai rabin abin da baiwar Allah take binmu ba.

Malamai sun yi saɓani a kan taron sadakar uku da bakwai da arba'in, kuma ba shi ya kawo mu ba. Akwai haƙƙoƙin da babu mai jayayya a kansu, su ne kuwa aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Na farko shi ne bashi. A ayoyin gado na Suratun Nisa'i, Allah Maɗaukaki ya gabatar da biyan bashi da zartar da wasiyya a kan rabon dukiya. Mukan yi cigiyar masu bin bashi a wurin jana'iza, inda maza ne kawai ke tsaye, alhali mu'amalar tsohuwa a cikin gidaje take: zubin adashin da bai kammala ba, kuɗin mai kawo mata gyaɗa, ajiyar maƙwabciyar da ke tara kayan ɗakin 'yarta. Kunya takan hana matan nan buɗe baki. Wajibinmu ne mu tura 'yan'uwanmu mata gida-gida su tambaya.

Na biyu gado. Sau da yawa kwalla da ɗan kunnen zinariya da awaki da injin markaɗe sukan salwance a hannun wanda ya fi kusa da ɗakin, da sunan abin tunawa. Dukiyar mace gado ce kamar ta namiji, komai ƙanƙantarta. Idan ta bar 'ya'ya, mijinta yana da rubu'i, mahaifiyarta in tana raye tana da sudusi, kuma kason ɗa namiji ninki biyu ne na 'ya mace. Marayan jikan da ta raina kuwa yakan tashi babu rabo idan akwai ɗanta namiji a raye, don haka ya kamata a tunatar da iyaye tun da ransu cewa suna da damar yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba.

Na uku ci gaba da alherinta. Da mahaifiyar Sa'ad ɗan Ubada ta rasu, Manzon Allah (SAW) ya nuna masa shayar da ruwa, sai ya haƙa mata rijiya. Shi kansa Annabi (SAW), bayan rasuwar Nana Khadija, idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama. Kuɗin da muke zubawa wajen buga kalanda mai hoton mamaciya zai iya gyara famfon unguwa ko biya wa maraya kuɗin Islamiyya. Kuma mu tambayi kanmu: aminiyarta ta shekara arba'in, da almajirin da ya saba karɓar tuwon dare a hannunta, wa ya leƙa su bayan makoki?

Na ƙarshe, ga ɗalibai muke magana. Tarihi ya riƙe sunan Hauwa'u mahaifiyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kakarsa Ruƙayya saboda an rubuta su. A nan ƙasar Zazzau, tsakanin 1949 da 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da tsohuwar nan Baba ta Karo tana rubuta labarin rayuwarta. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau jami'o'in duniya suna karanta shi. Abin takaici ne a ce a garin da Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, jikoki suna riƙe da waya mai naɗar murya, amma kaka ta tafi da salsalar dangi da addu'o'in da ta koya a makarantar allo ba wanda ya adana.

Wanda tsohuwarsa take raye, ya zauna kusa da ita a daren nan, ya tambaye ta, ya naɗa, ya kuma rubuta wanda take bi da wanda ke binta. Wanda tasa ta riga mu gidan gaskiya, ya fara da bashin, ya bi da gadon, ya dawwama a kan addu'a, domin addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa uku da ba sa yanke wa mamaci.

Allah ya jiƙan iyayenmu mata da kakanninmu, ya haskaka kabarinsu, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsu. Amin.