Shin Allah Ya San Zaidu? Gardamar Gazali da Ibn Sina

Idan magana ta kai inda hankali ya tsaya, Bahaushe kan rufe ta da "Allah masani", kowa ya yi shiru. Sai dai wannan kalma da ke kashe gardama a zaure ita ce ta tayar da ɗaya daga cikin muhawarori mafi zafi a tarihin tunanin Musulunci, har aka kai ga kafirta juna. Duk waɗanda suka shiga cikinta sun yarda Allah Masani ne. Abin da ya raba su shi ne: wane irin sani?

Ibn Sina, likita kuma masanin falsafa da aka haifa kusa da Bukhara, ya rasu a Hamadan a 1037, ya fara ne daga wani tushe da kowane mai tauhidi zai amince da shi, cewa Allah ba ya canzawa. Daga nan ya ga matsala, ya kuma bayyana ta da misalin husufi. Mutumin da ke tsaye a ƙofar gidansa ya san da safe cewa za a yi husufi, da rana ya san ana yi, da yamma ya san an gama. Sani uku ke nan, kowanne ya ture na bayansa, kuma mai sanin ya sauya hali sau uku. In aka jingina wa Allah irin wannan sani, an jingina masa canji. Mafitar Ibn Sina ita ce Allah ya san komai a jumlace, ta hanyar sabubbansa, kamar yadda masanin taurari ya san cewa duk sa'ad da wata ya shiga tsakanin ƙasa da rana a kusurwa kaza, husufi zai auku. Wannan sani ba shi da "jiya" ko "gobe", don haka ba ya tsufa. Ibn Sina ya nace cewa ko a haka babu abin da ke ɓuya ga Allah.

Imam Gazali bai gamsu ba. Yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza lokacin da ya kammala Tahafutul Falasifa a 1095, inda ya tattauna mas'aloli ashirin, ya yanke hukuncin kafirci a kan uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa jikuna ba za su tashi ranar ƙiyama ba, da wannan batu na sanin ɗaiɗaikun abubuwa. Hujjarsa ta sauko da maganar daga sama zuwa kan mutum guda. In Allah ya san ɗan Adam ne a matsayin jinsi kawai, to ya san akwai biyayya da saɓo, amma bai san cewa Zaidu, shi wannan Zaidun, ya yi biyayya yau ko ya saɓa ba. To wa za a yi wa hisabi? Wa ke jin addu'ar matar da ke raye cikin dare a gefen gadon ɗanta?

A nan gaskiya tana tare da Gazali, ko da mutum ya ga hukuncinsa ya yi tsauri. Ubangijin da ya san dokokin zazzaɓi amma bai san mai zazzaɓin ba, ba shi ne wanda ake ɗaga wa hannu ba. Ibn Sina ya kare kamalar Allah daga canji, amma kuɗin da ya biya ya yi yawa.

Bayan kusan shekara tamanin da biyar amsa ta zo daga Andalus. Ibn Rushd, alƙalin Kurɗuba kuma babban malamin mazhabar Malikiyya, ya rubuta raddi a kan littafin Gazali, ya ce tambayar tun asali an ɗora ta a kan kuskure. Sanin mutum yana biyo bayan abu ne: sai ruwa ya sauka sannan ya san an yi ruwa. Sanin Allah kuwa shi ne sababin samuwar abin. Tunda haka ne, kalmomin "a jumlace" da "ɗaya bayan ɗaya" ma'aunai ne na ƙwaƙwalwar ɗan Adam, kuma auna sanin Allah da su tamkar auna hatsi ne da igiya. Wannan ita ce magana mafi zurfi a duk muhawarar, kuma har yau mafi yawan masu musu a kan batun, masu imani da marasa shi, suna faɗawa ramin da ya nuna: sukan ɗauki Allah kamar wani mutum mai faɗin ƙwaƙwalwa da ke zaune yana jiran gobe ta iso.

Amma maganin Ibn Rushd ya buɗe wani tsohon miki. In sanin Allah ne ke samar da abu, ina zaɓin bawa? Tun a ƙarni na farko na Hijira, a Basra, an samu masu wannan fargaba, irin su Ma'abad al-Juhani, waɗanda aka ruwaito cewa sun musanta cewa Allah ya san aiki kafin a aikata shi, don su tsare alhakin mutum a kan aikinsa. Al'umma ta yi watsi da ra'ayinsu, amma damuwar tasu ba ta mutu ba.

Amsar da ta fi riƙo tana cikin makarantar tauhidin da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan Kano, Katsina da Sakkwato, wadda Ummul Barahin ta Imam Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, ke cikin manyan littattafanta. A wajen malaman wannan tafarki, ilimi siffa ce ta bayyana abu yadda yake, ba ta tasiri a cikinsa. Tasiri aikin iko ne da nufi. Ma'ana, sanin cewa Zaidu zai yi ƙarya ba shi ne ya sa masa ƙaryar a baki ba. Ba za a ce wannan ya warware komai ba, domin tambaya mai wuya ta koma kan nufi da iko, inda Ash'arawa da Mu'utazilawa suka shafe ƙarnuka suna kai-komo. Duk da haka ya rufe ƙofa ɗaya da mutane ke son fita ta cikinta.

Ƙofar kuwa sananniya ce. Gini ya rufta saboda an rage siminti, ko majinyaci ya cika saboda wanda ke bakin aiki ya tafi sha'aninsa, sai a ji ana cewa Allah ya riga ya san haka za ta faru, kamar an wanke kowa ke nan. Mai faɗar haka ya ɗauki ɓangaren Gazali ba tare da ya lura da abin da ya ɗauka ba. In Allah ya san ɗaiɗaikun abubuwa, to ya san buhu nawa aka karkatar, da wanda ya sa hannu a takarda, da ƙarfe nawa aka bar ɗakin majinyata babu kowa. Gazali ya yi wannan faɗa ne don Zaidu ya kasance sananne da sunansa ranar hisabi, kuma ɗan kwangilar ma wani Zaidun ne.