Kafin ki sayi mariƙin waya mai ƙafa uku



Da yawanku kun tambaya a sharhi game da mariƙin waya mai ƙafa uku, wanda 'yan kasuwa ke kira tiraifod. Masu tallan atamfa da turaren wuta a WhatsApp suna so, masu koyar da girki a TikTok suna so, haka wadda maigida ke Legas ko Saudiyya, kullum dare sai yara sun gaishe shi ta bidiyo har hannu ya sage. Kowa kuma abu ɗaya take nema: mai araha, mara nauyi, wanda zai shige jaka.

Ana samu. Sai dai rashin nauyin nan yana da iyaka. Manyan wayoyin da muke riƙewa yanzu, su Tecno da Infinix da Samsung, nauyinsu kusan giram 200 ne. Ki ɗora wannan a kan ƙafafu sirara kamar tsinke, ki miƙe su har ƙarshe, kaɗan za a taɓa ki ji tim, fuskar waya ta tsage. Kuɗin gyaranta kuwa ya ninka na mariƙin. Araha ba ta ado.

Wanda ya cika kasuwa, daga Farm Centre a Kano har Jumia, shi ne mai lamba 3110. Na alminiyom ne, idan an naɗe shi kamar santimita 35, idan an miƙe ya ɗan wuce mita 1, nauyinsa bai kai rabin kilo ba. Ga wadda za ta zauna a kujera ko tabarma tana nuna kaya, ya wadatar. Amma mita 1 iyakarsa ƙugunki. Idan a tsaye za ki yi magana, daga ƙasa zai ɗauke ki, haɓa da hanci su cika hoton. Sai ki ɗora shi a tebur, ko ki ƙara kuɗi ki nemi mai tsayin mita ɗaya da rabi, ki haƙura da zancen jaka. Gaɓar ƙafa ta can ƙasa ita ce mafi siranta, kada ki zaro ta sai dole.

Akwai mai ƙafafu masu lanƙwasa, wanda asalinsa GorillaPod ne na kamfanin Joby, kwaikwayonsa kuma ya yi yawa. Wannan ni na fi so wa mai ƙaramin ɗaki, don ana nannaɗe shi a ƙarfen taga ko bayan kujera, bai tare wuri ba, yaro ma bai kai gare shi ba. Na jabun gaɓoɓinsa kan saki, ya riƙa sunkuyawa a hankali kamar mai gyangyaɗi. Sandar selfi mai buɗe 'yan ƙafafu uku kuwa ta fi kowanne shiga jaka, ta kuma fi kowanne faɗuwa. A kan tebur, a gajarce, don kiran bidiyo, ba laifi.

Idan za ki shago, ki tafi da wayarki da rigarta a jiki. Ki maƙala ta da kanki. Bakin da ke damƙe waya ya buɗe aƙalla santimita 8 da rabi, kuma ya kasance da roba a ciki. Ki juya wayar a tsaye, tunda haka ake ɗaukar bidiyon sitatus da TikTok, ki ga ko kan zai riƙe ko zai zube gefe. Sannan ki ɗan bubbuga teburin. Ki duba kusar da ke saman ma: idan ta kwata ɗin inci ce, wadda ake amfani da ita ko'ina, ranar da bakin ya karye shi kaɗai za ki sake.

Yanzu bari in sa farar rigata. Yaron da ya fara kama abu yana miƙewa, wajen wata 9, duk abin da ke tsaye maƙalinsa ne. Kada ki kafa mariƙi kusa da tukunyar mai ko ruwan zafi alhali yana rarrafe a wurin, kuma kada ki rataye waya saitin fuskar jariri.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan rimot ɗin da ake haɗowa da shi kyauta. Yawanci batirin cikinsa CR2032 ne, mai faɗin santimita 2, yana ƙyalli kamar kwabo, murfinsa kuma ba wuyar buɗewa. Idan yaro ya haɗiye ya maƙale masa a maƙoshi, cikin awa 2 zai iya ƙona naman wurin, ko da batirin ya daina aiki a rimot. Wani yaron ba zai nuna komai da farko ba, wani sai dalalar miyau, ƙin abinci ko amai. Ko zargi kika yi, ki ɗauke shi asibitin da ke da hoton ƙirji nan take, ki faɗa musu batiri ne. Kada ki sa shi amai, kada ki jira ya fito ta bayan gida. Idan ya cika shekara 1 kuma yana iya haɗiya, ki ba shi zuma ƙaramin cokali 2 duk minti 10 a kan hanya, kada ya wuce sau 6. Ɗan ƙasa da shekara ba a ba shi zuma.

Ranar da kika kawo rimot ɗin gida, ki naɗe murfinsa da salatif, ki ajiye inda kike ɓoye magani. Ko ki cire batirin gaba ɗaya, tunda kamarar wayarki tana da agogon ƙidaya, ki saita daƙiƙa 10 ki koma ki zauna.

Wadda ta riga ta saya, ta rubuto mana a sharhi wane iri ne da kuma wata nawa ya yi mata.