KADA KA SAKI WAKILI A KAN SABAR DUKA A RANA ƊAYA

Yau zan ɗan kauce daga inda muka saba, in taɓo aikin da na koya a makaranta, domin akwai wata ɗabi'a da nake gani wurin masu kula da kwamfutocin ma'aikatu wadda ta daɗe tana damuna.

Sabar ita ce babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke dogaro da ita: a nan ake ajiye fayiloli, a nan manhajar albashi take, a nan shafin intanet yake zaune. Idan sun kai goma ko ɗari, mutum ɗaya ba zai iya bin su yana leƙawa ba. Sai a saka wa kowace wata 'yar manhaja da zan kira wakili. Aikinsa ya zauna a ciki dare da rana, yana kai rahoto ga uwar manhaja a tsakiya: ma'ajiya ta kusa cika, injin ya yi nauyi, wani aiki ya tsaya. Wasu wakilan ma har umarni suke karɓa, su saka sabuwar manhaja ko su kashe injin su kunna. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya saka irin wannan a kan sabar duka lokaci guda, da saitin da ya zo da shi daga kamfani, ganganci ya yi, ko da aikin ya tafi lafiya.

Da kaina na fara koyon wannan. Lokacin da nake horon sanin makamar aiki a wani kamfani, aka ba ni aikin saka wakilin Zabbix a kan sabar bakwai. Zabbix manhaja ce kyauta da aka ƙirƙira a ƙasar Latbiya, kuma saitin wakilinta ba shi da wuya. Fayil ɗaya ne, layuka uku ne suka fi muhimmanci a ciki. Layin Server yana faɗin adireshin da aka yarda ya tambayi wakilin, ta ƙofa mai lamba 10050. Layin ServerActive yana faɗin inda wakilin zai kai rahoto da kansa, ta ƙofa 10051. Na ukun shi ne Hostname, wato sunan da wakilin zai gabatar da kansa da shi, kuma dole ya yi daidai da sunan da aka rubuta a uwar manhaja, har manya da ƙananan baƙaƙe.

Na saita ta farko, ta yi aiki, daɗi ya kama ni. Sai na kwafi fayil ɗin na zuba a sauran shidan, ban canja Hostname ba. Su bakwai suka riƙa kai rahoto da suna ɗaya. Allon yana nuna ma'ajiya ta cika, bayan ɗan lokaci ya nuna akwai fili, ya sake cewa ta cika. Gargaɗi ya yi ta shigowa yana fita har ya ishe mu, muka ce manhajar ce ke da taɓin hankali, muka kashe shi. Sauran sunaye shida kuwa shiru, ni kuma na ɗauka shirun lafiya ne. Ranar da ma'ajiyar ɗaya daga cikinsu ta cika da gaske, aiki ya tsaya a ofishin tun safe har bayan azahar. Ogana bai yi min faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Da ka saka ta biyu, ka tsaya ka duba?" Ban tsaya ba.

Kuna iya cewa wannan kuskuren ɗan koyo ne. To, ku dubi abin da ya faru ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024. Kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, CrowdStrike, ya tura wata sabuntawa ga wakilinsa mai suna Falcon, ta isa ga abokan hulɗarsa a faɗin duniya kusan lokaci guda. Akwai kuskure a ciki. Da yake wakilin yana zaune ne a can cikin zuciyar Windows, sai injinan suka riƙa faɗuwa suna nuna shuɗin allo. Kamfanin ya janye sabuntawar bayan minti 78, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne abin ya shafa. Jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani, kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000. Gyaran ma da hannu aka yi shi a wurare da dama, injin bayan injin, ana shiga ana goge fayil ɗaya. Cikin matakan da kamfanin ya yi alkawari daga baya har da tura irin wannan sabuntawa rukuni-rukuni. Abin da ogana ya tambaye ni ke nan, a kan sabar bakwai.

Akwai kuma batun iko. Wakilin da zai iya karɓar umarni kamar maigadi ne da aka damƙa wa makullan ɗakuna duka. Wanda ya mallaki uwar manhaja ya mallaki gidan. A Yulin 2021 ɓarayin intanet suka bi ta manhajar Kaseya, wadda kamfanoni ke amfani da ita wajen kula da kwamfutocin abokan cinikinsu daga nesa, suka kulle bayanan mutane suna neman kuɗin fansa. A ƙasar Suwidin sai da kantunan Coop kusan 800 suka rufe saboda na'urorin karɓar kuɗi sun daina aiki. Shi ya sa nake mamakin masu buɗe wa wakilin Zabbix damar gudanar da umarni daga nesa don kawai sun gani a wani bidiyo, alhali a rufe ta zo. Sannan su bar rahoton yana tafiya tsirara a kan waya, ba su saka makullin sirrin da manhajar ta tanada ba, wanda aikin minti kaɗan ne.

Na san abin da abokan sana'a za su ce, kuma suna da hujja. Jinkiri ma yana da nasa haɗarin. Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a Maris ɗin 2017, mutane da yawa ba su saka ba, a watan Mayu cutar WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta durƙusar da asibitoci a Ingila. Gaskiya ne. Amma wannan jinkirin wata biyu ne. Ni kwana ɗaya ko biyu nake roƙo. Ka fara da sabar da ko ta faɗi babu wanda zai rasa albashi. Ka bar ta ta kwana. Da safe ka duba ko sunanta daidai ne, ko lambobin da take kawowa sun yi kama da abin da kake gani a cikinta, ko katangar tsaro ta buɗe ƙofar ga adireshi ɗaya tak. Ka tsayar da wakilin da gangan ka ga ko za a sanar da kai, domin gargaɗin da ba ka taɓa jin kukansa ba, ba ka san ko yana da murya ba. Daga nan ka ƙara biyu ko uku. Mai riƙe da kuɗi da bayanan jama'a ita ce ta ƙarshe.

Matsalar da ta rage ita ce oga mai cewa a gama yau. A nan ban da wata dabara sai rubutu. Ka rubuta masa jerin sabar, da ranar kowace, da yadda za a cire wakilin idan ya kawo matsala, ka nemi ya sa hannu. Idan ya dage sai an yi duka yau, ya rubuta hakan a ƙasan takardar. Sau biyu na gwada wannan, kuma duka biyun an ba ni kwanakin da na nema.